Caji ofis na ƙaramin gari a Sakkwato: inda aikin ke tafiya da inda yake cijewa

Wanda yake son ya auna aikin 'yan sanda a ƙaramin gari, ya fara duba littafin da ke kan kanta kafin ya duba motar sintiri. A cikin littafin nan ake rubuta duk ƙarar da aka kawo, da lokacin da aka kawo ta, da sunan wanda ya karɓa. Ƙarar da ta shiga littafi tana da rai ko da an sauya DPO sau uku. Wadda aka yi da baki a gindin bishiyar darbejiya da ke ƙofar ofis kuwa, ta mutu tun kafin mai ita ya isa gida.

Wannan sharhi ne kan hidimar da caji ofis irin na hedikwatar ƙaramar hukuma ke yi wa jama'a a jihar Sakkwato, da tsarin da ake kira haɗin gwiwar 'yan sanda da al'umma. Ba mu ware ofishi ɗaya ba, domin a ƙananan hukumomi 23 na jihar fasalin kusan ɗaya ne. DPO ne shugaba, ƙarƙashinsa akwai DCO mai kula da binciken laifuka, sai masu kanta, masu sintiri, da 'yan ƙananan ofisoshi a wasu manyan ƙauyuka, waɗanda sau da yawa mutum uku ko huɗu ne a cikinsu. DPO yana amsa umarnin kwamandan yanki, shi kuma na kwamishina a Sakkwato, inda nan ne ma hedikwatar shiyya ta 10 take. Hukuncinmu a dunƙule shi ne: da rana hidimar ba ta da laifi, wajen sulhu ta fi yadda ake zato kyau, da dare tana da rauni, wajen riƙe sirrin mai kawo rahoto kuma nan ne babbar ɓarakar take.

A fara da kanta. Idan ka zo da ƙara, ɗan sandan da ke wurin zai saurare ka, ya rubuta taƙaitaccen bayani a littafi, sannan a miƙa ka sashen bincike a haɗa ka da mai binciken kes ɗinka, wanda ake kira IPO. Shi zai ɗauki cikakken bayaninka a rubuce. A nan mutane da yawa ke yin kuskuren farko. Bayanin da Turanci ake rubuta shi, mai ƙara kuma da Hausa ya yi magana, wani ma da Fulatanci ko Zabarmanci. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka an fassara, layi bayan layi. Bambancin "na gan shi ya ɗauka" da "an ce mini shi ya ɗauka" ba ya wuce kalma uku a takarda, amma a gaban alƙali shi ne bambancin shaida da jita-jita. Kafin ka fita ka riƙe abu uku: sunan IPO da muƙaminsa, ranar da aka shigar da ƙarar da lokacin, da ranar da aka ce ka dawo. Idan ka dawo bayan mako biyu kana cewa "wani dogo ne mai gashin baki ya karɓa", kai ka ja wa kanka.

Ofisoshin da ke da kirki a nan, za ka gane su da ƙananan abubuwa. Akwai benci na masu jira. Mace da ta zo da ƙarar fyaɗe ko duka ba a tsayar da ita a kanta gaban jama'a ana yi mata tambayoyi, a kan shigar da ita ciki a haɗa ta da 'yar sanda mace idan akwai. Idan akwai rauni, a take ake ba da takardar asibiti ta 'yan sanda, a haɗa mutum da wanda zai raka shi babban asibitin garin. Wannan takarda ita ce likita ke cikewa, kuma ita kotu ke dubawa, don haka a je da ita tun rauni na ɗanye. A batun fyaɗe, gaggawa ta fi komai: kada a wanke tufafin, kuma a isa asibiti cikin awa 72, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki. Wanda aka harba kuma, ba ya buƙatar takardar kowa. Dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa asibiti ya karɓe shi ya fara magani, daga baya a sanar da 'yan sanda. Har yau akwai masu ɗauko mai rauni su biya ta caji ofis tukuna yana zubar da jini, saboda tsoron da aka gada.

Satar babur na cikin ƙararrakin da ba sa yankewa a kanta, kuma ta fi kowace ƙara nuna inda laifin mai ƙara yake. Ɗan kabu-kabu zai zo ya ce an ɗauke masa Boxer ja a ƙofar masallacin Juma'a. Boxer ja nawa ne a garin? Abin da ke gano babur shi ne lambar inji da lambar jiki, wato wadda aka buga a ƙarfen wuyan babur, sai rasitin saye. Duk mai babur ya ɗauki hoton lambobin nan biyu ya ajiye a wayar wani ɗan'uwansa, ba a tasa kaɗai ba. Sannan lokaci. Daga birnin Sakkwato zuwa Illela sama da kilomita 80 ne kaɗan, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni kuma taki kaɗan ne. Babur da aka sace da azahar zai iya kwana a Jamhuriyar Nijar. Idan rahoto ya zo cikin awa ɗaya da lambobi a hannu, DPO mai himma zai buga wa takwarorinsa na kan hanya da shugabannin 'yan kabu-kabu da masu gyara. Idan ya zo washegari bayan an gama zagayen 'yan duba, sai dai a rubuta don tarihi. Waya ma haka take: lambarta ta IMEI mai alƙaluma 15 tana jikin kwali, ko a danna *#06# ta fito. Amma a san cewa ƙaramin ofishi ba shi da na'urar bin sawun waya. Sai an rubuta takarda zuwa hedikwata, kuma abin kan ɗauki makonni. Wayar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, abin da ya fi amfani shi ne a garzaya a toshe layin da asusun banki a ranar.

Dabbobi kuma, shaidarsu a jikinsu take. Mai jar akuya ko saniya gudali da ya san tsagar kunne da tambarin wuta na dabbarsa, kuma yana da maƙwabta biyu da za su shaida, yana da hujja. Ofisoshin da suka iya aiki ba sa bin daji neman dabba, kara suke zuwa. Ranar Laraba a Acida, ranar Lahadi a Illela, ana sanar da sarkin kara da dillalai da sarkin pawa kamannin abin da aka sace. Dillali ya san baƙuwar fuska, ya kuma san mai sayarwa da ke gaggawar karɓar kuɗi ƙasa da farashi. Wannan shi ne haɗin gwiwa da al'umma na gaskiya, kuma an daɗe ana yin sa tun ba a raɗa masa suna ba.

Sai beli, inda aka fi jin kuka. A bangon kusan kowane ofishi an rubuta cewa beli kyauta ne, kuma haka doka ta ce. Tsarin mulkin 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, idan babu cikin kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da abubuwa da ya kamata kowane mai unguwa ya haddace. Ba a kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uba don ɗansa ya gudu, ko mata don mijinta. Ba a kama mutum kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Dole a faɗa wa wanda aka kama dalilin kamun, a sanar da danginsa ba tare da an caje shi ba, a rubuta kayan da aka karɓa daga hannunsa. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 kuma ta ce ba a hana mace tsayawa beli don tana mace, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar wuraren tsare mutane duk wata. Azabtarwa don a sa mutum ya amsa laifi laifi ce mai zaman kanta tun dokar 2017.

A aikace fa? Kuɗin beli bai mutu ba, suna ya sauya. Ya zama kuɗin takarda, kuɗin fayil, kuɗin mai, ko "a ga yara". Mafi munin lokacin shiga bayan kanta shi ne yammacin Juma'a, domin kotu ba ta zama sai Litinin, kuma kowa ya san dangi za su fi saurin sassautowa idan suka tuna kwana uku. Abin da ke aiki a nan ba hayaniya ba ne. Mai tsayawa beli ya zo da katin shaida, da hoto ƙarami guda biyu, da adireshin da za a iya tabbatarwa, ya nemi ganin DCO ko DPO kai tsaye cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, na zo tsaya wa wane, ga takarduna." Yawancin ƙananan buƙatun a ƙasa suke tsayawa, ba sa son su hau sama. Idan an ƙi, a tambayi laifin da ake tuhuma da shi. Akwai laifukan da ofishi ba shi da ikon ba da belinsu, irin kisa da fashi da makami da garkuwa da mutane, waɗannan sashen binciken manyan laifuka na jiha a Sakkwato ake tura su, kuma duk wanda ya ce zai "kashe maganar" a nan cin kuɗinka zai yi. Wanda ba shi da halin lauya, akwai ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya a Sakkwato, kyauta suke yi.

Gaskiya ɗaya da ba a son faɗa: jama'a ma suna da hannu a lalacewar nan. Mai bin bashin kuɗin albasa ya fi son ya kai abokin cinikinsa caji ofis a ba shi tsoro, maimakon kotun shari'a ko ta majistare inda maganar ta dace. Shi ya fara miƙa kuɗin mai don a je a ɗauko mutum. Ran da aka juyo kansa, sai ya ce 'yan sanda ba su da imani.

Inda muka ba hidimar maki mai kyau shi ne sulhu, musamman rikicin ɓarnar gona daga watan Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gero da dawa da wake ke gona ko a tare a kan hanya, dabbobi kuma suna gangarowa. Tsarin da ke aiki sananne ne. A tsare dabbobin da suka yi ɓarna a hannun hakimi ko wani amintacce, a ba su ruwa da abinci, kada a dake su kada a sare su. A ranar, ko washegari da safe kafin sawu ya ɓace, a je gonar da wakilin hakimi, da ardo, da malamin gona, da ɗan sanda ɗaya. A auna inda aka ci da taki, a ƙiyasta dami nawa wurin zai bayar, a yi kuɗinsa da farashin kasuwar makon. A duba kuma ko manomin ya cinye burtali ko ya toshe mashaya, domin idan haka ne diyyar ba za ta zama cikakkiya ba. A rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu, a ajiye kwafi a ofis. Aikin ɗan sanda a nan kaɗan ne amma shi ne ƙashin bayan zaman: kasancewarsa ke sa kowa ya ajiye sanda da adda. Abin da ke ɓata shi abu biyu ne. Jinkiri, domin bayan kwana uku manomi ya riga ya tara 'yan'uwansa. Sai tarar da ba ta da rasit, wadda ake karɓa daga makiyayi ba ta isa hannun mai gona ba. Makiyayin da aka yi wa haka sau biyu ba zai sake zuwa zaman sulhu ba, kuma daga irin wannan ƙullin ne manyan fitinu suka tsiro a yankin nan.

Sulhu yana da iyaka, kuma wasu ofisoshin suna tsallake ta. Faɗan maƙwabta, rikicin iyakar gona, cacar baki a kasuwa, duk a sasanta. Fyaɗe ga ƙaramar yarinya ba abin sasantawa ba ne, ko da iyaye sun roƙa don rufin asiri, ko da mai unguwa ya sa baki. Wanda aka rufa wa asiri yau, gidan maƙwabci zai shiga gobe.

Yanzu dare. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma a ƙauye abin da mutane suka dogara da shi lambar DPO ce ko ta wani ɗan sanda da suka sani. A yi lissafi. Ƙauye yana kilomita 25 daga hedikwata, hanyar yashi ce ko ta laka, motar ba za ta wuce gudun kilomita 30 a awa ba da dare. Minti 50 ke nan a hanya. A ƙara minti 15 zuwa 20 na tara mutane, fitar da makamai daga ma'ajiya da sa hannu a littafi, da sanar da na sama. Idan maharan suna da yawa, DPO ba zai tura mutum shida cikin kwanton ɓauna ba, zai jira 'yan kwantar da tarzoma ko sojoji, kuma ba za a ce ya yi laifi ba. Masu satar shanu kuwa cikin rabin awa sun gama sun kaɗa. Da damina, rafi ɗaya da ya kawo ya isa ya raba gari da ƙauyukansa har gari ya waye.

Ga kuma mai. Hilux a irin hanyoyinmu takan sha kamar lita 12 a kilomita 100. Zagayen sintiri na kilomita 70 kowane dare ya kai lita 8 zuwa 9, a wata ya haura lita 250, ban da kai waɗanda ake tuhuma kotu, ban da taya da baƙin mai da gyara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya ninka. Kuɗin gudanarwa da ke isa ƙaramin ofishi ba ya ɗaukar wannan, shi ya sa motar ke rayuwa da taimakon shugaban ƙaramar hukuma da 'yan kasuwa. Illar a fili take: wanda ke zuba mai shi ake fara amsa wa kira. An kafa asusun tallafa wa 'yan sanda da dokar 2019, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don fara tsarin haɗin gwiwa da al'umma, aka ɗauki 'yan sandan sa-kai na musamman daga unguwanni aka ba su horo da kaki. Tunanin mai kyau ne, domin ɗan gari ya san lungu ya san fuska. Amma an tsara aikin a matsayin na sa-kai, ba albashi tsayayye, kuma mutumin da ke da kaki ba shi da abin kai wa gida, kowa ya san inda zai nema.

Saboda haka garin da ya dogara da zuwan mota bayan an fara harbi ya makara. Amfanin ofishin yana cikin abin da ya sani kafin dare ya yi. Wane ne ke sayen burodi da man fetur a jarka fiye da bukatar gidansa? Wane baƙo ne ya kama haya ba wanda ya san sana'arsa? Wane yaro ne ba ya noma ba ya kasuwa amma ya sauya waya sau biyu a wata? Mutanen gari sun san amsoshin nan sarai. Abin da ke hana su faɗa shi ne tsoron infoma, kuma tsoron yana da dalili. A gabashin jihar, wajen Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah, mutum kan kai rahoto da rana, da dare a kira shi a waya a maimaita masa abin da ya faɗa. Ko a 2021 da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, babban dalilin shi ne a yanke tsakanin 'yan bindiga da masu ba su labari.

Ta ina sirri ke fita? Ba lalle sai wani ɗan sanda ya sayar ba, ko da yake hakan na faruwa. Yawanci sakaci ne. Ana karɓar rahoto a kanta, ga masu jiran beli a zaune, ga mai sayar da shayi yana shiga da fita. Ana rubuta sunan mai rahoto a littafin da kowane mai aiki zai buɗe. Ana tattauna batun a taron kwamiti mai mutum 30, alhali a ƙaramin gari kowa surukin wani ne. Ko a kama mutum a ce masa "wane ne ya ce ya gan ka", don a sa ya amsa. Ofisoshin da suka gane wannan suna raba abu biyu. Ƙarar laifin da aka yi maka, wannan ta littafi ce, da sunanka. Labarin sirri kuma na kunnen mutum ɗaya ne, DPO ko jami'in da ya ware, ba a ofis ba, ba a rubuta suna, kuma ba a yin kame washegarin ranar da aka ga mutum ya gana da ɗan sanda. Sai an tabbatar da labarin ta hanya ta biyu, domin wani rahoton ƙiyayya ce ta gado ko ta neman aure aka sa mata rigar tsaro.

Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, tun 1984 yake, kuma dokar 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa a matakin jiha da na kowane ofishin yanki. Amfaninsu ya danganta da waɗanda ke ciki. Inda aka cika shi da masu neman katin shaida don wuce shingen bincike, ba ya haifar da komai sai hoto. Inda yake aiki, za ka tarar da wakilin uban ƙasa, limami, ardo, shugaban 'yan kabu-kabu, na direbobin tasha, sarkin kasuwa, shugaban makaranta, da mata aƙalla biyu, domin ungozoma da mai kitso sun fi kowa sanin abin da ke faruwa a cikin gidaje. Zama sau ɗaya a wata ya isa, awa ɗaya da rabi, a rubuta abu uku da aka amince za a yi da wanda zai yi, a fara zama na gaba da tambayar ko an yi. Aikin kwamiti shi ne fitilar kasuwa da ta mutu, matattarar masu shaye-shaye a kangon bayan makaranta, jadawalin sintiri ranar kasuwa, rajistar baƙi a hannun masu unguwa. Sunan wanda ake zargi ba ya shiga wannan zama.

Matsala ɗaya da kwamiti ba ya iya magancewa ita ce sauyin wurin aiki. Tsarin mulki a sashe na 214 rundunar 'yan sanda ɗaya ya yarda da ita a ƙasar, don haka ana iya kawo DPO daga ko'ina a kuma ɗauke shi kowane lokaci. Sai ya shekara yana koyon wane ne mai gaskiya a garin, ya fara samun masu yi masa raɗa, sai takarda ta zo. Amanar da ya tara a aljihunsa take tafiya, domin ba abin da za a miƙa a fayil ba ne. Dattawa kan tuna zamanin 'yan doka na En'e, kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, su ce ɗan doka ya san kowa. Haka ne, amma sanin kowa ɗin ne ya sa aka yi amfani da su wajen musguna wa 'yan adawa a siyasar Jamhuriya ta Farko. Masu kiran a dawo da 'yan sandan jiha su riƙe ɓangarorin tarihin biyu.

Giɓin dare 'yan banga ke cikewa, kuma ba don su ba da garuruwa da yawa ba a barci. Sun san hanya, suna kusa, kuma abin da suke karewa nasu ne. Ƙa'idar da ke raba mai amfani da mai ɓarna guda ce: wanda suka kama su miƙa shi ga 'yan sanda nan take, da ransa da lafiyarsa, da kayan shaida yadda aka same su. Doka ta ba kowane ɗan ƙasa ikon kama mai laifi, ba ta ba shi ikon tsarewa ko duka ko yanke hukunci ba. Ƙungiyar banga mai tsari tana da rajista da hotuna a ofishin DPO, mai unguwa ya tsaya wa kowane mutum, ana sintiri mutum huɗu zuwa shida ba ɗaya ko biyu ba, da tocila da usur da waya mai caji, kuma kuɗin da gidaje ke bayarwa yana da littafi da ake karantawa a bainar jama'a. Jihar nan ta ga abin da ke biyo baya idan aka saki wannan ƙa'ida. Kashe-kashen da aka danganta da 'yan sa-kai a kasuwanni, da ramuwar da ta biyo baya irin harin kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, su suka kai gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ga haramta 'yan sa-kai. Gwamna Ahmed Aliyu ya sa hannu a dokar kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a ƙarshen 2023, aka ƙaddamar da ita a 2024, kamar yadda Katsina da Zamfara suka yi nasu. Horo da kaki da alawus ci gaba ne a kan sa-kai na kara-zube. Ma'aunin da za a riƙa duba su da shi bai sauya ba: mutum nawa suka kama, nawa suka isa kanta, nawa suka isa kotu.

Darasin Tangaza da Gudu ya fi wannan ɗaci. Mutanen da yanzu ake kira Lakurawa, waɗanda hedikwatar tsaro ta fito ta yi magana a kansu a watan Nuwamban 2024, da farko a matsayin masu taimako a kan ɓarayin shanu suka zauna a yankin. Daga baya suka koma karɓar zakka da ƙarfi da yanke wa mutane hukunci. Duk mai bindigar da ba ya amsa umarnin wata hukuma da za a iya kai ƙararsa, ranar da ya ga dama zai juyo.

Ga wanda ɗan sanda ya zalunta, hanyar ƙorafi tana nan, sai dai mutane ba sa bin ta daki-daki. A rubuta sunan da ke ƙirjin rigarsa, da rana da lokaci da wuri, da shaidu. Idan ta waya aka tura kuɗi, a ajiye shaidar turawar, ita ce hujjar da ba a musu. A fara da DPO. Idan shi ne matsalar, a rubuta takarda zuwa kwamandan yanki ko kwamishina, a yi kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a kan naka. Akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, da aka kafa a 2015, ana samunsa ta waya da WhatsApp, akwai kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ofishinta a Sakkwato. Takarda mai shafi ɗaya da kwanan wata ta fi zuwan tawagar mutum goma tasiri.

Idan garinku na shirin zaman kwamiti na gaba, tambayoyin da za a yi wa DPO ba su da yawa. Mutum nawa ke kwana a ofis da dare, kuma lambar wa za a kira idan tasa ba ta shiga? Lita nawa motar ke samu a mako, daga wa, kuma wa ke rubutawa? Yaushe majistare ya zo duba bayan kanta na ƙarshe? Wanda ke da labarin sirri, wa zai gani, a ina? DPO da ya amsa ta ƙarshen a gaban mutum 30 ya faɗi sunan wuri da lokaci, a sake masa tambayar bayan an watse.